Shin baturan tsohuwar laftof za su iya ɗaukar sigarin lantarki na haɗin gida?

Ɗan Farm Centre ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke wannan zaure, musamman masu sana'ar wuta da sola. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma bayan gyaran waya ina haɗa fawa-banki da fitilun caji daga baturan tsofaffin laftof, wato dogayen nan masu lamba 18650 waɗanda ake samu guda shida ko fiye idan an fasa kwalin batir ɗaya. Nakan gwada kowanne da mita, in ware matattu, in yi wa masu rai caji, kuma masu saye suna yabawa da aikin.

Abin da ya kawo ni shi ne maganar yayana, wanda ya daɗe yana shan taba sigari, kuma da tari ya matsa masa sai ya koma sigarin lantarki da niyyar rabuwa da ta takarda baki ɗaya. Na'urar da ya saya batirinta a cikinta yake a rufe, ga shi yanzu ya daina riƙe caji, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihunsa a halin da ake ciki, har na fara ganin kwalin sigari ya dawo cikin ɗakinsa. Na ga bidiyoyi a YouTube inda Turawa suke haɗa irin wannan na'ura da hannunsu, suna kiranta mod, wani a ƙaramin akwatin alminiyam, wani kuma a bututun tagulla, kuma wasunsu ba su da fanel ko kaɗan, wato ɗan allon da yake sarrafa wuta, daga batir sai makunni sai mazaunin da ake ɗaura tankin ruwan sigarin a kansa. A idona aikin bai kai wahalar canza cajin-fot na waya ba.

Shirin da nake da shi shi ne in sami ƙaramin akwati, in sa batura biyu daga cikin masu ƙarfin da na ware, in sa makunni na dannawa, sannan in ɗaura tankinsa na da, wanda aka rubuta om 0.2 a jikin kwayil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da take yin zafi ta mayar da ruwan tururi. Tambayata ta farko ita ce ko baturan laftof za su ɗauki wannan aiki. Idan za su ɗauka, wanne ya fi tsakanin in jera su kai da gindi domin ƙarfin wutar ya ninku, da in haɗa su kafaɗa da kafaɗa domin caji ya daɗe? Haka kuma, tun da kwayil ɗin kanti yana ƙonewa kuma ba kullum ake samunsa ba, shin zan iya naɗa nawa da wayar rishon lantarki ko ta tsohon dutsen guga? Ina neman shawarar waɗanda suka san abin, domin a bakin ɗan'uwana za a sa shi.

Injiniyan Sola ya rubuta:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri kan kula da ɗan'uwanka, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka kunna ayan ɗin dalma. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, kuma ina roƙonka kada ka haɗa ko da da sunan gwaji ne. Zan kawo maka lissafin dalla-dalla domin ka bi shi da kanka, tun da kai ma ma'abocin mita ne.

Batirin 18650 idan ya cika yana ba da bolt 4.2, sannan ya sauko wajen 3.6 ko 3.7 a tsakiyar aiki. Idan babu fanel tsakanin batir da kwayil, babu abin da yake ƙayyade yawan wutar da za a ja sai turjiyar kwayil ɗin kaɗai, wadda ake aunawa da om, kuma ƙa'idar Ohm ta ce a raba bolt da om a sami amfiya, wato yawan wutar da ake ja. Ka raba 4.2 da 0.2, za ka sami amfiya 21. Baturan laftof kuwa ba don irin wannan ja aka ƙera su ba. An yi su ne domin su tara caji mai yawa su riƙa sakinsa a hankali na tsawon sa'o'i, kuma yawancinsu iyakarsu tana wajen amfiya biyar ne tun suna sababbi. Misali, Samsung ICR18650-26F, mai ruwan hoda da nake kyautata zaton ka sha cin karo da shi, takardar kamfaninsa ta ƙayyade masa amfiya 5.2. To, kana shirin jan ninki huɗu na abin da aka yarje masa, daga batirin da ya riga ya shekara da shekaru yana gasuwa a cikin kwamfuta. Dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin matsala a fawa-banki ba shi ne waya amfiya biyu ko uku take sa a ja, kuma batura uku ko huɗu ne suke raba nauyin a tsakaninsu.

Haɗa biyu ba zai fitar da kai ba. Idan ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowanne zai ɗauki amfiya goma da rabi, wato har yanzu ninki biyu na iyakarsa, kuma da yake tsofaffin batura ba sa tsufa daidai da juna, mai sauran ƙarfi ne zai ɗauki kaso mafi yawa. Idan kuwa ka jera su kai da gindi, bolt ya zama 8.4, ka raba da 0.2 ka sami amfiya 42, kuma wannan 42 ɗin gaba ɗayansa zai bi ta cikin kowane batir, ba rabawa za su yi ba. Ƙarfin da zai sauka a kan kwayil a lissafi ya haura wat 350. Wannan shi ne haɗi mafi haɗari cikin duk waɗanda ka ambata.

Abin da yake faruwa a cikin batirin shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Kowane batir yana da tasa turjiyar ta ciki, wadda take ƙaruwa da tsufa, kuma zafin da take haifarwa ba daidai da wutar yake ƙaruwa ba: idan ka ninka wutar sau huɗu, zafin sau goma sha shida yake ninkuwa. A cikin gwangwanin akwai wata siririyar leda da ta raba fozitif da negetif, kuma da zarar zafi ya narkar da ita sai batirin ya yi shot daga ciki, sinadaransa su fara ƙona kansu suna fitar da iskar gas, zafin ya haura ɗaruruwan digiri cikin daƙiƙoƙi. Idan aka kai nan, sakin makunni ba ya tsayar da komai. Yawancin baturan laftof na da sinadarin kobalt ne a cikinsu, kuma shi ya fi sauran saurin kamawa da tsananin fashewa. A cikin laftof akwai fanel ɗin da yake lura da zafi da caji ya yanke wuta idan abu ya ɓaci, amma wannan fanel ɗin shi ne ka cire ka ajiye gefe ranar da ka fasa kwalin.

Sai kuma maganar mazubin. Idan batir ya saki gas a cikin bututun ƙarfe ko akwatin da ba a huda masa mafita ba, bututun ya zama tamkar bindigar toka, tankin da ke samansa ya zama harsashi, kuma bakin bindigar yana kallon haƙora da idanun mai sha. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017 inda ta ƙirga fashewa ko gobara 195 na sigarin lantarki daga farkon 2009 zuwa ƙarshen 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga ciki munanan raunuka. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasu a birnin St. Petersburg na jihar Florida bayan irin wannan na'ura marar fanel ta fashe, ɓaraguzanta suka shige masa kai, sannan a Janairun 2019 wani matashi ya rasu a jihar Texas bayan ɓaraguzan tasa na'urar sun yanke masa jijiyar wuya. Waɗannan na'urorin na kanti ne, ba haɗin tsofaffin batura ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi kayan aikinka. Ƙaramar mitar da muke amfani da ita a shago ba ta iya auna om 0.2 da gaskiya. Ka juya ta zuwa awon om, ka haɗa bakin wayoyinta biyu da juna, za ka ga ta nuna maka wani abu kamar 0.2 zuwa 0.5 alhali ba ka auna komai ba, domin wayoyin su kansu suna da turjiya. Saboda haka mitar za ta iya nuna maka 0.4 a kan kwayil ɗin da ainihinsa 0.1 ne, ko ma wanda ya yi shot gaba ɗaya, kai kuma ka ɗauka lafiya lau ne. A na'urar da ba ta da fanel, bambancin 0.2 da 0.1 shi ne bambancin amfiya 21 da amfiya 42.

Mazaunin Manchester ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, ban ga abin da zan rage a bayaninka ba. Malam mai tambaya, ni ba masanin lantarki ba ne, amma da wannan na'ura na bar sigari a nan Ingila, kuma na zauna da masu haɗa ta da hannu, saboda haka zan faɗi abin da na sani daga wajensu.

Bidiyoyin da kake gani yawancinsu na wani zamani ne da ya wuce. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya fito da sigarin lantarki na zamani a 2003, kuma na farko-farkon ƙanana ne masu kama da karan sigari, batirinsu ba ya kai mutum ko'ina. Wannan ne ya sa wajen 2008 mutane a nan Ingila da wasu wurare suka fara ɗaukar gangar tocila suna mayar da ita mazubin babban batir, daga nan aka sami abin da ake kira mod. A lokacin babu zaɓi. Daga baya kamfanoni irin su Evolv na Amurka da YiHi na ƙasar Sin suka fito da fanel ɗin da yake auna kwayil kafin ya saki wuta, ya ƙi kunnuwa idan akwai shot, ya yanke idan an daɗe ana danne da makunni, ya kuma tsaya idan batir ya yi ƙasa sosai. Tun daga nan marar fanel ya koma hannun 'yan tsirarun masu sha'awa, kuma su ɗin da na sani ba sa ɗaura kwayil sai sun auna shi a kan ma'auni na musamman, ba sa kuma amfani da batirin da ba su san asalinsa ba.

Abin da suka fi tsoro ma ba lissafin amfiya ba ne, rigar batir ce. Gangar 18650 gaba ɗayanta negetif ce tun daga gindi har kafaɗa, ɗan maɓallin sama ne kawai fozitif, kuma abin da ya raba su siririn zobe ne da ledar da aka lulluɓe batirin da ita. Idan ledar ta yage ko da kamar ƙwayar gero, ta taɓa jikin akwatin ƙarfe, wutar za ta iya zagaye makunnin ta kama aiki da kanta, ko ta yi shot kai tsaye. Baturan da aka ɓamɓaro daga kwalin laftof kuwa da wuya ka sami wanda gam da ƙarfen walda ba su ƙwarzane shi ba. Haka nan da yawa daga cikin ƙunar da ake samu ba a lokacin sha take faruwa ba, a aljihu ne, inda mutum ya jefa batir tsirara tare da makullai ko tsabar kuɗi. Shi ya sa ake ajiye su a ɗan akwatin roba, kuma shi ya sa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa sigarin lantarki ko baturansa a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi, sai dai a riƙe a hannu.

Amma abin da na fi so in jawo hankalinka a kai shi ne, yayanka ba ya bukatar kwayil mai 0.2 tun asali. Irin wannan kwayil na masu son tara hayaƙi ne, waɗanda suke zuƙa kai tsaye zuwa huhu, yana cin wat hamsin zuwa tamanin, yana shanye ruwa da caji, kuma yana iya ƙara wa mai tari tari. Wanda ya saba da sigari ya saba ne da ya ja zuwa baki sannan ya haɗiye, kuma abin da ya dace da wannan shi ne kwayil mai om ɗaya zuwa 1.2, a kan wat goma zuwa goma sha biyar. Da irin wannan na bari, kuma mafi yawan waɗanda na san sun bari da irinsa suka bari. A nan doka ta ƙayyade ƙarfin nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, tanki kuma kada ya wuce mililita biyu, kuma wannan ya ishi mai neman rabuwa da sigari ya fara da shi ya riƙa ragewa.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana mai tambaya, maza sun yi maganar batir, ni kuma zan tsaya a kan tambayarka ta ƙarshe, wadda ba a taɓa ba, domin ita ce ta shafi abin da zai shiga huhu.

Kada ka naɗa kwayil da wayar risho ko ta dutsen guga. Ba ka san haɗin ƙarfen da ke cikinta ba, ba ka san abin da aka shafa mata ba, kuma ba a yi ta domin a jiƙa ta da ruwa a shaƙi tururinta ba. Masu wannan harka wayoyi sanannu suke amfani da su, wato Kanthal da nikurom da wani nau'in ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L, amma ko su ba a wanke su tas ba. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun gwada na'urorin mutum 56 masu sha kullum, suka buga sakamakon a 2018, kuma sun sami dalma da nikel da kuromiyam da manganis a cikin tururin, alhali ruwan da ke cikin kwalba kafin ya taɓa kwayil bai ɗauke da su da yawa haka ba. Idan na kamfani ya saki wannan, ka auna abin da wayar da ba a san asalinta ba za ta saki. Dalmar da kuke liƙa waya da ita ma kada ta kusanci inda ruwa ko tururi yake bi, haka nan duk wayar da aka yi wa rufin zinki, domin hayaƙin zinki yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Yawan wuta shi ma yana canza abin da ake shaƙa. Ruwan sigarin lantarki haɗin gilisarin ne da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, kuma idan kwayil ya yi zafi fiye da kima ko audugar ta bushe, suna rikiɗa su fitar da fomaldihaid, wanda yake cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Na'urar da ba ta da fanel ba ta da hanyar rage wuta, abin da batir ya bayar shi kwayil zai sha.

Tun da tsada ce ta kawo maganar, ina jin tsoron gobe a ce za a haɗa ruwan ma a gida. Duk abin da yake da maiƙo, ko man turare ne ko man habbatus sauda ko ɗanɗanon kek mai mai, ba ya shiga tanki, domin huhu ba ya iya fitar da mai. A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 kuma 68 suka rasu sakamakon ciwon huhun da aka danganta galibi da wani sinadarin bitamin E mai kauri da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Kwalbar nikotin kuma a ɗaga ta sama inda yara ba sa kaiwa, domin ƙamshin alewa gare ta, kuma kurɓa kaɗan tana iya halaka ƙaramin yaro. Idan kuma, Allah ya kiyaye, batir ya ƙona wani, kada a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja. A cire tufafin da suka ƙone idan ba su manne da fata ba, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti, kuma a gaya wa ma'aikata cewa batir ne, domin bayan ƙunar wuta akwai ta sinadari a ciki.

Shi kuma yayanka, tarin da ya kai mako biyu ana gwada shi ne, ba a canza masa na'ura. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ka raka shi. A can ma zai iya tambaya game da cingam ko filastar nikotin, waɗanda ba su da batir ba su da tururi.

Ɗan Farm Centre ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, in sha Allahu zan raka shi gwajin, kuma maganar wayar risho ta wuce. Injiniya, na haɗa bakin wayoyin mitata kamar yadda ka ce, ta nuna 0.4, saboda haka na ga abin da kake nufi da idona.

Sai dai bayanin yayanmu na Manchester ya sa na sake lissafi. Idan na sami kwayil mai om 1.2, na raba 4.2 da shi, amfiya uku da rabi nake samu, wanda bai kai biyar ɗin da ka ce baturan laftof suna ɗauka ba. Shin a wannan yanayin zan iya amfani da su ba tare da fanel ba? Idan kuma har yanzu amsar a'a ce, wace hanya ce mai sauƙin kuɗi da mai sana'a irina zai bi?

Injiniyan Sola ya rubuta:

Lissafinka daidai ne, ƙanena, amma lissafin ranar da komai yake lafiya ne. Amfiya uku da rabi za a ja muddin kwayil ɗin yana nan a 1.2. Ranar da ƙafarsa ta goce ta taɓa jikin tanki, ko ruwa ya tsiyaya cikin mazaunin, ko ƙusar da ke tsakiyar mazaunin ta lotsa ta haɗu da ƙarfen gefe, turjiyar za ta faɗi kusan sifili, kuma babu mai hana batirin ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Haka nan idan makunnin ya dannu a aljihu yana kan babur, babu mai yanke wutar bayan daƙiƙa goma kamar yadda fanel yake yi. Ƙari a kan haka, amfiya biyar ɗin na sabon batir ne. Wanda ka ciro daga bola ba ka san sau nawa ya sauka ƙasa da bolt 2.5 ba, kuma wanda ya taɓa yin irin wannan mutuwar yana iya karɓar caji ya nuna 4.2 a mita alhali cikinsa ya lalace. Ka bar su a fitila da fawa-banki, can ma da fanel ɗin kariya.

Hanya mafi araha tana hannunka tun farko, ita ce na'urar yayanka ta da. Fanel ɗinta lafiyarsa lau, batir ne kawai ya gaji, kuma canza batir sana'arka ce. Ka buɗe ta a hankali da abin roba, ka karanta lambar da ke jikin batirin da girmansa, ka nemi irinsa sak. Kada ka sa batirin waya a madadinsa don ka ga bolt ɗinsu ɗaya, domin shi ma ba a yi shi don ja mai ƙarfi ba. Idan ka tarar 18650 ne a ciki, ka nemi sabo daga cikin masu jure ja, irin su Samsung 25R mai 2500mAh da amfiya 20, ko LG HG2 mai 3000mAh da amfiya 20, ko VTC5A na Murata, kamfanin da ya sayi sashen baturan Sony a 2017. Kada ka ɗora ayan ɗin dalma a jikin batir kai tsaye, domin zafinsa yana isa ga ledar nan ta ciki. Ka kai wa masu haɗa batirin sola ko na keken lantarki su manna masa ƙarfen nikel da injin waldarsu, kai kuma ka liƙa wayarka a jikin ƙarfen.

Wahalar ita ce samun na gaskiya, domin jabu sun cika kasuwa, kuma da yawansu tsofaffin baturan laftof ne aka sake wa riga. Duk 18650 da aka rubuta wa 6800mAh ko 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, tun da na manyan kamfanoni a wajen 3500mAh suke tsayawa, kuma masu wannan yawan cajin su ne masu ƙarancin amfiya, ba a samun duka biyun a batir ɗaya. Ka ɗora shi a sikelin masu gwal: na gaskiya yana wajen giram 45, wanda ka ga ya yi talatin da wani abu ka mayar wa mai shi. Ya kamata kuma ka sani cewa su kansu kamfanonin sun sha sanar da cewa ba su yi waɗannan batura domin a riƙa sayar da su ɗai-ɗai ana sa wa sigarin lantarki ba, saboda haka ko na gaskiyar ka samu, nauyin kiyayewa yana wuyanka.

Idan kuwa fanel ɗin tsohuwar ya mutu kuma ka dage sai ka gina sabuwa, to ka gina ta a kan fanel ɗin da aka yi domin wannan aiki, da batir ɗaya tak a cikin mazaunin roba, da fis a kan wayar fozitif kusa da batirin, da wayoyi masu kaurin da zai ɗauki wutar, da ramuka a gindin akwatin nesa da fuska domin gas ya sami mafita. Lissafin mai fanel ya bambanta da wanda muka yi a baya, domin a nan batir ya fi shan wahala ne lokacin da ya kusa ƙarewa: ka raba wat da bolt 3.2 ɗin da yake bayarwa a lokacin, sannan ka raba abin da ya fito da 0.9 saboda asarar da ake yi a fanel. Wat 60 zai ba ka kusan amfiya 21, wanda ya ɗara iyakar batir mai 20, saboda haka batir ɗaya kada ya wuce wat 50. A wat 12 da yayanka yake bukata kuwa, abin da za a ja bai wuce amfiya huɗu da 'yan kai ba, batirin ko ɗumi ba zai yi ba. Ka gaya masa kada ya bar ta a cikin mota ko a aljihun babur a zafin Afrilu, kada ya kwana yana mata caji a kan katifa, kuma idan ya ji ta yi zafi a hannunsa ba tare da ya danna ba, ya ajiye ta a ƙasa a fili ya matsa nesa. Idan ka buɗe tsohuwar, ka turo hoton batirin da lambar da ke jikinsa kafin ka sayi komai, in duba maka.